Yadda ake neman ƙarin albashi a ƙaramin kamfani a Saudiyya ba tare da an ɓata da mai gida ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina, da na Riyad har da na Ɗa'if.

Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan, kwanakin baya wani ƙanina ɗan garinmu ya tare ni bayan sallar isha'i yana neman rancen riyal 300 zai cika kuɗin haya. Yaron nan yana aiki a wani shagon gyaran AC, shekararsa huɗu a wurin, shi ke buɗewa shi ke rufewa, amma albashinsa tun ranar da ya sauka har yau bai motsa ba ko da riyal ɗaya. Na ce masa ka taɓa yi wa mai wurin magana kuwa? Ya ce a'a Yaya, nauyinsa nake ji, mutumin yana kyautata min, kuma ai yana gani da idonsa. To wallahi wannan "ai yana gani da idonsa" ɗin ita ta danne da yawa daga cikinmu a ƙasar nan. Mu an raine mu da alkunya, a gida in ka yi shiru babba yana gane akwai magana a bakinka, amma a nan in ka yi shiru ana ɗauka ka ƙoshi ne. Mai wurin ba lallai mugu ba ne, kawai dai yana da haya da kaya da bashin 'yan kasuwa a kansa, wanda ya yi magana shi ake tunawa da shi.

Tun da wuri in faɗa, wannan bayanin na wanda igamarsa (katin izinin zama a ƙasar) take kan mu'assasa ko sharika ne, wato kamfani, ma'ana mai kwantiragi a Qiwa (shafin gwamnati na kwantiragin ma'aikata), namiji ne ko mace, a shago ko mustauda (sito) ko gareji ko mashgal (wurin ɗinki ko kwalliyar mata). Direban gida da masu aikin gida tsarinsu daban ne, su ta wani shafin daban mai suna Musaned lamarinsu yake bi, dokokin da zan ambata ba duka suka shafe su ba, sai dai dabarun yin maganar za su yi musu amfani.

Fara da buɗe kwantiraginka

Kafin ka ce wa kowa uffan, shiga Qiwa da lambar igamarka ka buɗe kwantiragin ka karanta shi layi-layi, in Larabcinka bai kai ba ka samu wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Abu huɗu za ka duba: nawa aka rubuta a matsayin asalin albashi wato ratib asasi, nawa ne kuɗin gida (badal sakan), nawa ne kuɗin mota, sai ranar da kwantiragin zai ƙare. Za ka sha mamaki, akwai waɗanda ake miƙa wa 2,200 a hannu amma a rubuce 1,500 ne, ragowar a aljihu mai gida yake ciro ta ya ba su. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce kuma zan dawo kanta a ƙasa. Kwantiragin baƙo a ƙasar nan mai wa'adi ne, yawanci shekara ɗaya ko biyu yana sabuntuwa, saboda haka ranar ƙarewar nan ka rubuta ta a wayarka, da ita za ka auna lokacin magana.

Ka raba haƙƙi da alfarma

Nan ne mutane suke cakuɗa abu biyu su ɓata duka. Akwai abin da doka ta riga ta ba ka, shi ba roƙo ake yi ba, akwai kuma ƙarin albashi, wanda doka ba ta tilasta wa mai kamfani ba. Babu wani mafi ƙarancin albashi da aka yanka wa baƙi a kamfanoni masu zaman kansu, riyal 4,000 ɗin nan da kake ji ana faɗa na lissafin Nitaqat ne, wato sai ɗan ƙasa yana karɓar hakan ake ƙirga shi mutum ɗaya cikakke a adadin 'yan ƙasa na kamfanin, mu bai shafe mu ba. Kada ka shiga wurin mai gida kana cewa doka ta ce a ƙara maka, zai gane ba ka sani ba, daga nan maganarka ta yi rauni.

Abin da doka ta ba ka kuwa ga shi: aiki awa 8 a rana ko 48 a sati, a Ramadan awa 6 ko 36 a sati ga Musulmi. Duk awar da ta hau kan wannan idafi ce, ana biyan kuɗin awar a ƙara rabin asalin kuɗin awa a kai. Hutun shekara kwana 21, in ka cika shekara biyar a jere a wurin ya koma 30. Kuɗin igama da na rukhsar aiki (izinin aiki) da sabunta su duk a kan mai kamfani suke, ba a kanka ba, haka mada (sashe) ta 40 ta dokar aiki ta ce. Bari in ba ka misali da idafi don ka ga girman abin. Mai asalin albashi 2,000, in ka raba kwana 30 sannan ka raba awa 8, awarsa tana kamawa riyal 8 da ɗan wani abu, idafinta kuma wajen 12 da rabi. In kullum yana ƙara awa biyu na kwana 26, awa 52 ke nan, kuɗinta riyal 650 a wata. Ka ga ke nan akwai wanda ƙarin da yake ta addu'ar samu ma bai kai abin da yake bari a ƙasa duk wata ba.

Shawarata, in har akwai irin wannan haƙƙin da ba a ba ka, ka san shi ka riƙe a zuciya, amma kada ka buɗe zaman da shi kamar mai shigar da ƙara. Zai yi maka amfani can gaba in aka zo ciniki.

Ka yi lissafin mai gida kafin naka

A babban kamfani ƙarin albashi daga baitulmalin kamfani yake fita, wanda ya sa hannu ba ya jin zafi. A ƙaramin wuri mai ma'aikata shida ko goma, daga aljihun mutum ɗaya yake fita, mutumin da kuke shan shayi tare, shi ya sa abin yake da nauyi a ɓangare biyu. To ka sani, kai a idonsa ba albashinka kaɗai kake ci ba. Tun 2020 kuɗin da ake biya wa maktab amal (ofishin ƙwadago) a kan kowane baƙon ma'aikaci riyal 700 ne ko 800 duk wata, ya danganta da yawan 'yan ƙasa a wurin, duk da an yi wa wasu ƙananan wurare masu mutum tara zuwa ƙasa sassauci a kan wasu daga cikin ma'aikatansu. Ga kuɗin igama 650 a shekara, ga inshorar asibiti, ga ta'aminat (inshorar ma'aikata ta gwamnati). Da ka ce ƙari, wannan lissafin ne zai fara zuwa kansa, kuma zai faɗa maka shi, saboda haka gara ka riga shi sani.

Amma wannan lissafin yana da ɗaya fuskar, wadda ita ce taka. In ka tafi, me zai kashe kafin ya samu madadinka? Ko dai ya nemi biza ya ɗauko sabo daga waje ya biya tikiti da kuɗin ofishin ɗauko ma'aikata ya jira watanni, ko ya yi wa wani naƙalin kafala, wato ya ɗauko shi daga wani kamfani ya mayar da igamarsa kansa, ya biya kuɗin, wanda yake farawa daga 2,000 ya koma 4,000 a karo na biyu, 6,000 a na uku. Sannan sabon bai san kwastomomi ba, bai san inda kaya suke ba, wata shida yana koyo. Ƙarin 300 a wata 3,600 ne a shekara, sau da yawa ya fi masa sauƙi a kan neman sabo. Ba za ka faɗa masa haka gatsal ba, amma sanin hakan shi zai sa ƙafarka ta tsaya in ka zauna gabansa.

Tara hujja, ba a fafe gora ranar tafiya

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan komai kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi tsallakewa. Ka ɗauki wata ɗaya ko biyu kana rubutawa a ɗan littafi ko a waya: me kake yi yanzu wanda ba ka yi lokacin da aka yanka maka wannan albashin? Da ka zo sauke kaya kawai kake yi, yanzu kai ke riƙe makulli, kai ke karɓar kuɗi a kasha, kai ke fitar da fatura (rasit), kai ke koya wa sababbi aiki, kai ke zuwa karɓo kaya da motar kamfani tunda ka yi lasin. Duk ka rubuta. In akwai kwastoman da kai ka kawo, rubuta. In akwai asarar da ka tare, misali ka gano kayan da aka kawo ba su cika ba aka mayar, rubuta ranar da kimar kuɗin.

Kuma akwai abu ɗaya da muke da shi wanda muke rainawa, harshe. Duk wanda yake aiki a shagon da ke kusa da Harami ko a kasuwannin Balad ko Bab Sharif na Jidda ya san in musim (lokacin Hajji da Umra) ya zo alhazan Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru suna shigowa ne su tambaya ina mai jin Hausa, kuma inda suka same shi nan suke sauke kuɗinsu, su dawo da 'yan ɗakinsu gobe. In kai ne wannan mutumin, to kai ba ma'aikaci ba ne kawai, kai ne ƙofar wata kasuwa sukutum. Ka ƙiyasta cinikin da aka yi ta hannunka a Ramadan da lokacin Hajji, in kana da damar ganin lissafi ka kawo adadi, in ba ka da ita ka kawo misalai biyu uku da shi kansa mai gidan zai tuna.

Tsadar rayuwa fa? Gaskiya ce, babu mai musu. Harajin kaya da aka fara da kashi 5 a 2018 ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Mai iyali a kan igamarsa yana biyan 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya, abin da aka fara da 100 a 2017. Mu na Jidda kuma mun ga yadda haya ta tashi bayan rusau ɗin da aka yi a unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutane da yawa suka koma nesa, kuɗin mota ya ƙaru. Ka ambaci wannan a taƙaice, jimla ɗaya ko biyu, amma kada ya zama shi ne jigon maganarka. Dalili kuwa, in ka gina maganar a kan matsalarka, amsar da za ka samu ita ce tausayi, tausayi kuma riyal 200 ne a ambulan sau ɗaya da "Allah ya sauwaƙe". In ka gina ta a kan amfaninka, amsar ciniki ce. Haka batun canjin naira ko sefa da kuɗin makarantar yara a gida, bar shi a ranka, shi riyal yake biya.

Yanke adadi

Kada ka shiga ka ce "a ɗan duba ni". Wanda ya ce a ɗan duba shi, 50 ake ƙara masa kuma ba shi da bakin magana. Ka bincika nawa ake biyan masu irin aikinka da irin shekarunka a wurare masu girman naku, ka tambayi mutum uku ko huɗu a asirce, waɗanda ka san ba sa ƙara gishiri, don wasu in ka tambaye su sai sun ninka saboda kada a raina su. Daga nan ka riƙe adadi biyu a ranka: wanda za ka faɗa, da wanda in aka sauko ƙasa da shi ba za ka ce na gode ka yi shiru ba. Ni a ganina ga mai 2,000, ya nemi 2,500 yana shirye ya karɓi 2,300, abu ne da hankali yake ɗauka. Wanda ya ce a ninka masa kuwa ya rufe ƙofar da hannunsa, sai dai in aikin nasa ne ya canza baki ɗaya.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi, kada ka kawo sunan abokin aikinka ka ce ai wane ana ba shi kaza. Ka jefa shi cikin matsala, kai ma an ɗauke ka mai bin diddigin mutane, kuma maganar ta tashi daga kanka ta koma kansa.

Lokaci

Mafi kyau wata biyu zuwa uku kafin kwantiraginka ya ƙare, lokacin shi ma yana tunanin sabuntawa. In kasuwancinku na musim ne, ka bari a gama, sati ɗaya ko biyu bayan Sallah ƙarama ko bayan alhazai sun tashi, kuɗi na hannu kuma wahalar da ka sha ba a manta ba. Kada ka yi a goman ƙarshe na azumi kowa kansa ya ɗau zafi. Kada ka yi a ranar da ake haɗa albashi, ko satin da ya biya kuɗin sabunta igamarka, ko ƙarshen Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba lokacin da ƙananan kamfanoni suke biyan harajin wata uku. Kai da kake wurin ka fi kowa sanin fuskarsa, in ya shigo yana faɗa a waya, ranar ba taka ba ce.

Kuma ba a gaban mutane ba. Wannan ka riƙe shi da kyau. Balarabe da Bahaushe duk ɗaya suke a nan, in ka tambaye shi gaban ma'aikata ko kwastoma, ko yana da niyya sai ya hana, don kada gobe kowa ya yi layi. Ba ta WhatsApp ba kuma, saƙo ana karantawa a ajiye. Ka same shi ka ce, "Ya Abu Fulan, ina son minti goma daga lokacinka, yau ko gobe, duk sanda ka samu sarari." In ya ce lafiya dai, ka ce alheri ne, maganar aikina ce. In a wurinku akwai mudir (manaja) a tsakani, fara da shi, kada ka tsallake shi, amma ka tabbatar maganar ta isa ga wanda yake sa hannu.

Zaman kansa

Ka shiga da tsafta, ka yi sallama, ka gaisa yadda aka saba, in an miƙo gahwa ka karɓa. Sai ka fara da godiya ta gaskiya amma gajera, kada ka yi ta zuba kirari har ya ɗauka rance ka zo nema. Tsarin maganar kamar haka ne, ka juya ta da Larabcinka yadda bakinka ya saba:

"Allah ya ƙara maka lafiya, shekarata huɗu a nan, ban ga komai ba sai alheri, kuma ina son in ci gaba da zama tare da ku. Lokacin da na zo aikina kaza ne, yanzu ni ke riƙe da kaza da kaza da kaza, a musim ɗin da ya wuce kuma ka ga abin da aka yi. Albashina yana nan yadda yake tun farko. Ina neman a mayar da shi 2,500 daga sabon kwantiragi."

Daga nan ka yi shiru. Wallahi wannan shirun shi ne mafi wuya, zuciyarka za ta ce ka ƙara da "amma in babu hali ba komai", kada ka faɗa, in ka faɗa ka ba shi amsar da kanka. Ka bar shi ya yi magana, ka saurara har ya gama, ko da ya ɗauko tarihin kasuwa tun daga korona.

In mai gidan naka Bahaushe ne ɗan'uwa, cikin waɗanda aka haifa a nan ko wani Alhaji da ya yi maka hanya ka zo, abin ya fi nauyi, na sani. Zai iya cewa haba ɗana, ai kai ɗan gida ne, wurin nan naka ne. Ka amsa da ladabi ka ce haka ne Baba, shi ya sa ma na zo gare ka kai tsaye ban kai maganar ko'ina ba. Sannan ka maimaita adadin. Zumunci ba ya hana lissafi, kuma ni abin da na gani, rashin yin lissafin ne yake kashe zumuncin daga baya, ranar da mutum ya gaji ya fashe. In nauyin ya yi maka yawa ƙwarai, babu laifi ka sa wani dattijo da yake jin maganarsa ya share maka hanya, amma adadin daga bakinka ya kamata ya fito.

Amsoshin da za ka ji

In ya ce "abshir" (sha kuruminka) ko "yasir khair" (alheri zai samu) ko "in sha Allah", ka sani ba a gama ba tukuna. Kalmomi ne masu daɗi, wani lokaci da gaske ne, wani lokaci kuma hanyar sallama ce cikin mutunci. Ka yi godiya ka ce, daga wane wata zai fara, don in san yadda zan tsara kaina? In ya ce bari ya duba, ka ce to in dawo ranar Lahadi mai zuwa? Ka sa rana, ka kuma dawo a ranar, ba da fushi ba.

In ya ce kasuwa babu, kuma kai ma ka san gaskiya ne, a nan ake sauya hanya. Ka nemi a raba ƙarin biyu, rabi yanzu rabi bayan wata shida. Ko a ba ka kaso a kan cinikin da ya bi ta hannunka, wannan masu shago sun fi saurin yarda da shi tunda sai an sayar za su biya. Ko a ƙara kuɗin gida, ko tikitin zuwa gida duk shekara maimakon duk shekara biyu, ko a ɗauke maka wani abu daga kuɗin iyali. A nan ne kuma za ka iya ciro maganar idafi cikin natsuwa ka ce, to in ƙarin bai samu ba yanzu, a riƙa lissafa min awannin da nake ƙarawa, ko a mayar da ni awa takwas. Sau da yawa a daidai nan ake samun matsaya.

In ya ce ai ina kashe maka kuɗin igama, ka ce haka ne na sani kuma na gode, shi ya sa nake so aikina ya fi abin da ake kashewa a kaina, kuma ina ganin ya fi. Kada ka ce masa ai dole ne doka ta sa ka, ko da yake gaskiya ne.

In kuwa ya ce a'a ƙarara, tambaya ɗaya za ka yi: me kake so ka gani daga gare ni kafin a ƙara, kuma yaushe za mu sake zama? In ya faɗi abu takamaimai, ka samu hanya. In ya kasa faɗar komai, ka samu amsa.

In an amince, a rubuta

Yanzu na dawo kan maganar da na ce zan dawo. Na san wani bawan Allah da aka ƙara masa 400 da baki, ana ba shi a hannu shekara uku, ranar da zai tafi gida aka yi masa lissafin sallama a kan tsohon albashin da ke rubuce, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna. Kuɗin sallama, wato mukafa'ar ƙarshen aiki, a kan albashinka na ƙarshe ake lissafa shi: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Ɗauki mai shekara bakwai. In a rubuce 2,000 ne, zai samu 5,000 da 4,000, jimla 9,000. In 2,400 ne, 6,000 da 4,800, jimla 10,800. Bambancin 1,800 ke nan a kan rubutu kawai, kuma duk shekarar da ka ƙara yana ƙaruwa.

Saboda haka da zarar ya ce na yarda, ka yi godiya sosai, sannan ka ce don Allah a gyara a Qiwa. Su za su gyara kwantiragin, saƙo zai zo maka, ka buɗe ka karanta adadin da idonka kafin ka danna amincewa. Ka nemi ƙarin ya shiga cikin asalin albashi in zai yiwu, ba a kira shi kyauta ko mukafa'a ba, don kyauta ana iya tsayar da ita kowane wata. Kuma ya riƙa shigowa ta banki tare da sauran, tunda tsarin kare albashi ta Mudad abin da ya bi ta banki yake gani. Wata na farko ka duba saƙon banki, in bai shigo ba ka tuna wa muhasib (akanta) a ranar, kada ka bari wata biyu su wuce kana jin nauyi.

Maganar barazanar tafiya

Kada ka ce zan tafi sai in da gaske kana da inda za ka, kada ka saki reshe ka kama ganye. Gaskiya ne tun Maris 2021 abubuwa sun yi sauƙi, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin ta Qiwa in kwantiraginsa ya ƙare ba sai kafili (mai gidan da igamarsa take kansa) ya yarda ba, haka in an yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko an bar igamarsa ta mutu ba a sabunta ba. Amma fita a tsakiyar kwantiragi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba tana iya jawo maka biyan diyya, kuma ajiye aiki da kanka yana rage kuɗin sallama: ƙasa da shekara biyu babu komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku, sai ka cika goma kake samun duka. Daina zuwa aiki don fushi kuwa shi ne mafi muni, a rubuta maka tagayyub, wato a kai rahoton ka ƙaurace wa aiki, ka shiga wahalar da ta fi ta albashi.

In wani wurin ya yi maka tayi na gaske, a rubuce, to ka je wa mai gidanka da shi cikin girmamawa ka ce an ba ni kaza, amma na fi son zama a nan in za a iya matsowa kusa. Wannan sau ɗaya ake yinsa a wuri ɗaya. In kuma matsalarka ba ƙari ba ce, haƙƙinka ne ake dannewa, albashi ba ya zuwa ko ana cire maka kuɗin igama, wannan ba zaman shayi ba ne, ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911 ko ka shigar da buƙatar sulhu, taswiya wuddiyya, in ba a daidaita ba ta wuce kotun ma'aikata.

Shi ƙanin nawa mun zauna da shi dare biyu muka rubuta ayyukansa a takarda, sai da suka kai tara, shi kansa bai san sun kai haka ba. Kwantiraginsa zai ƙare nan da wata uku, kuma ya riga ya nemi minti gomansa, an ce ya zo ranar Talata bayan la'asar.